Ba a Auna Bene Daga Falo

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da abokin aikina, wani dattijo mai kula da na'urori a makarantar da nake koyar da aikin injiniyan gine-gine, sai direban da muka ɗauka shata. A bayan mota akwai akwatin na'urorin auna girgiza guda uku, da nannaɗaɗɗiyar waya mai tsawo, da kwamfutata. A raina kuwa akwai fushin da na kwana da shi, kuma ban yi niyyar sauke shi a hanya ba.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar tun yanzu, don ku san abin da ya fitar da ni da sanyin safiya. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani gari ta ɓangaren Kafur. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin bene mai hawa uku guda ɗaya ne tak a cikinsa, kuma na mijinta ne. Alhaji babban ɗan kasuwar hatsi ne, kowa ya san shi. Tun wucewar sanyi Yaya ta fara cewa sashenta, wanda ke can ƙololuwar benen, yana rawa da rana. Aka ce jiri ne, aka kai ta asibiti, aka rubuto magani. Aka ce ko shafar iska ce, aka kawo rubutu da hayaƙi. Alhaji ya ɗauko injiniyoyi har biyu, kowa ya zo ya duba ya ce gini lafiya lau. Da abin ya ishe ta, sai ta kwaso yaranta da shimfiɗarta ta sauko, ta share tsohon ɗakin laka na marigayiya surukarta a bayan gida, ta tare a ciki. Gari ya ɗauki magana: mai bene mafi tsawo, matarsa na kwana a ɗakin laka. Alhaji ya kai ƙara wurin Kawu, wanda shi ne uba gare mu tun rasuwar mahaifinmu, ya ce masa ko ta koma sama, ko ta koma gida har ta dawo hayyacinta. Ku ji fa, matar da ta aurar da 'yarta ta fari a gidan nan ake cewa ta koma gida. Da ta kira ni a waya ba kuka ta yi ba, cewa ta yi, "Ke da kika yi bokon gini, ina amfaninki?"

Daga Funtuwa zuwa Bakori hanya ba ta da laifi sosai, sai dai tireloli da suka kwana a gefen titi suna ta farkawa suna feso mana baƙin hayaƙi. Damina ta sauka. Ko ina ka duba ƙasa ta yi duhu da laima, masara ta fito kamar tsinken tsintsiya, manoma sun riga rana fita da shanun huɗa. Direbanmu shi ma manomi ne, don haka tun daga shingen jami'an tsaro na farko har na ƙarshe zancensa ɗaya, tsadar taki. Ya ce bana buhun taki sai dai mutum ya je ya gaishe shi a shago ya dawo. A kowane shinge akan leƙo, a ga akwatin ƙarfe a cinyar dattijo, a tambayi mene ne. Dattijo ya hana a bar akwatin a baya tun da muka shiga ramin farko, ya rungume shi kamar jaririn da aka ba shi riƙo, kuma kowa ya tambaya sai ya ce kayan awon lafiyar gini ne. Wani ɗan sa-kai ya ce shi bai taɓa jin gini ya yi zazzaɓi ba. Na ce masa yau za mu je dubiya.

Bayan Bakori ramuka suka yawaita, motar kuma ta tsufa, kayan ƙafarta sun gaji. Na lura in muka faɗa rami ɗaya, gaba da baya tare suke yin sama su yi ƙasa. In kuwa ramukan suka jeru a jere, sai gaba ya yi ƙasa baya ya yi sama, ni da ke baya kaina na dukan rufi, dattijo ma a gaba yana salati, amma robar ruwan da ke ajiye a tsakiyar mota ko motsi ba ta yi sosai. Na nuna wa direba, na ce abin da nake koya wa ɗalibai ke nan wata da watanni. Ya ce to shi kyauta yake koyarwa kullum.

A Mararrabar Ƙanƙara muka tsaya karin kumallo. Ƙosan bana ya rame, sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu, amma awararsu ta fanshe su, da zafinta da yaji mai daddawa. Mai shayin ya zuba madara kamar yana tsoron kada gwangwani ya ji ciwo. Ban ci da yawa ba. Ina tunanin Yaya, wadda ita ta goya ni, ita ta riƙa yi min kitso ina kuka, ita ta tsaya wa Kawu a kan sai na ci gaba da karatu. Yanzu mata na zuwa gaishe ta suna kallon idonta, suna neman alamar taɓuwa.

Malumfashi ta tarbe mu da cunkoson babura da kurar ruwa da motocin shanu da suka taso daga wajen Musawa. Ba mu tsaya ba, muka karkata hanyar Kafur. Nan ƙasar ta fi kyau a ido, fadamu da rake, da 'yan rumfunan tumatir, da motoci shaƙe da buhunan masara daga wajen Gozaki suna nufar kasuwa, domin wannan ne lokacin da masu ajiya ke buɗe sito, hatsi ya yi daraja. Tun daga nesa muka hango benen, fari fat, ya yi wa bishiyoyin garin zarra. Kafin mu iso ƙofa mun fara jin bugun injin.

Ga yadda gidan yake. A ƙasa akwai babban injin dizal mai juya na'urar ɓarzar masara da ta niƙa, an dasa shi a kan daɓen gidan, jikinsa jingine da ginshiƙi. Hawa na ɗaya sito ne, domin a ƙasarmu yanzu mai hankali ba ya ajiye hatsi inda laima da ɓera da ɓarawo za su same shi cikin sauƙi. Hawa na biyu falon Alhaji ne da ɗakinsa. Hawa na uku daga baya aka ɗora shi, da farfajiyar gida ta cika da leburori da direbobi, Alhaji ya ga ya kamata iyalinsa su yi nisa da idon maza. Niyya ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ita ba ce.

Na fara zagayawa baya wurin Yaya. Na same ta zaune a bakin ɗakin laka tana tsince shinkafa, ta rame, amma kallabinta a ɗaure tsaf. Muka gaisa. Ta ce in ci abinci tukuna, na ce sai na gama. Ta miƙo min makullin sashenta.

A falo na sami Alhaji da baƙi, abokan cinikinsa, ana shan shayi a kan darduma mai laushi. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar yadda aka saba tsakanin miji da ƙanwar mata, don haka da fara'a ya tarbe ni.

"A'a, Injiniya da kanta! An kira ki ki kama aljanin da ke girgiza mana gida?"

Na ce, "Alhaji, in na kama shi a gabanka zan ɗaure shi."

Baƙi suka yi dariya. Sai ya ɗauki kofin shayinsa, ya cika shi har baki, ya ajiye a kan tayil, ya ce in duba. Injin na ta bugu a ƙasa, ana jin ƙararsa, amma shayin nan ko ɗigo bai zuba ba, da ƙyar fuskarsa ke motsi. Ya ce a nan injiniya na farko ya zauna, a nan na biyu ya zauna, sun duba ginshiƙan ƙasa, sun ƙwanƙwasa bango, sun sha shayi a wannan kofin. Na tambaye shi ko sun hau sama. Ya dube ni kamar na tambayi ko sun shiga banɗakin matarsa.

"Sama kuma? Gidan mata ne fa."

Nan na gane inda aka ɓata. Injiniyoyin nan ba ƙarya suka yi ba, kuma ba jahilai ba ne. Maza ne baƙi, an sauke su inda ake sauke baƙi, sun auna inda kunya ta bar su su auna. Shi kuma Alhaji da rana yana kasuwa ko falo, ba ya hawa sama sai an kashe inji. Yara suna makaranta. Mutum ɗaya ce ke zaune a hawa na uku lokacin da inji ke aiki, kuma ita ce aka ce ba ta da lafiya.

Muka fara aiki. Dattijo ya manna na'ura ɗaya a daɓen sito, inda na ga buhuna sun ragu, kusan rabin ɗakin fili ne. Ya manna ta biyu a falo, kusa da kofin shayin Alhaji. Da muka zo matakalar hawa na uku sai ya tsaya cak, ya miƙo min ta ukun da kan waya, ya ce, "Hajiya, iyakata nan." Shi ma ɗan ƙasar ne. Na karɓa na hau ni kaɗai.

Jama'a, tun kafin in buɗe ƙofa na ji abin a tafin ƙafata. Ba irin rawar da za ta kayar da kai ba ce, karkarwa ce mai sauri, marar tsayawa, tana bi ta ƙafa ta hau gwiwa ta zauna a ciki. Kwanukan da ke cikin kabad suna ta ƙananan kuka. Ruwan da aka bari a wani bokiti ya yi ƙuraje a fuska. Na tsaya a tsakiyar ɗakin Yaya na ɗan lokaci, sai na ji zuciyata na tashi, kaina ya yi nauyi. Watanni ta yi tana girki da sallar azahar da la'asar a cikin wannan. Na zauna a bakin gadonta na yi hawaye, na share, na manna na'urata a daɓe, na zura waya ta taga.

Da na sauko falo, a kwamfuta layuka uku suka fito, kowane hawa da nasa. Na sito yana hawa yana sauka. Na sama ma haka, har ya fi shi tsalle, amma a juye: duk lokacin da sito ya yi gabas, sashen Yaya ya yi yamma. Na falo kuwa yana kwance a tsakaninsu, sai ɗan motsi kamar numfashin mai barci.

Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, abin ba shi da wuya. Kowane hawa na bene nauyi ne a zaune a kan ginshiƙai, ginshiƙi kuma komai kaurinsa yana ɗan lanƙwasa ya dawo. In gini hawa ɗaya ne, salon rawarsa ɗaya ne. In hawa uku ne, kowane hawa na iya motsi nasa, suna jan juna, sai ginin ya zama yana da salon rawa uku. A na farko duk hawan gefe ɗaya suke tafiya tare, na sama ya fi nisa. A na biyu ƙasa ta yi nan, sama ta yi can, dole a sami wani wuri a tsakani da ke tsaye. A na uku kowane hawa yana saɓa wa maƙwabcinsa. Kowane salo yana da saurin da yake so. In wani abu yana dukan ginin da daidai wannan saurin, ko da dukan ba shi da ƙarfi, rawar sai ta yi ta ƙaruwa. Don haka ba a auna irin wannan gini a wuri ɗaya. Sai an saurari kowane hawa a lokaci guda, a ga wa ke tafiya da wa.

Don in tabbatar, na sa mai kula da inji ya rage gudu a hankali, sannan ya ƙara a hankali. Da ya rage, layukan suka lafa. Da ya dawo gudun da ya saba aiki da shi, wajen bugu goma a daƙiƙa, suka miƙe tsaye. Da ya wuce nan kaɗan suka sake lafawa. Saurin injin ya faɗa daidai kan salon rawa na biyu, kuma falon Alhaji, da darduma da kofin shayi, yana zaune a daidai wurin da ba ya motsi.

Na juya kwamfuta na nuna wa Alhaji a gaban baƙinsa. Ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce zane-zane ne, yaron da ya iya waya ma zai zana. Sannan ya rantse cewa shi da kansa ya taɓa hawa da rana inji na aiki, lokacin da Yaya ta fara ƙorafin ƙarar injin, bai ji komai ba. Na tambaye shi yaushe. Ya ce da kaka. Na ce sito fa, yaya yake a lokacin? Ya ce cike har rufi, ko kyanwa ba za ta ratsa ba. Na ce to gaskiya ka faɗa, Alhaji, ba ka ji komai ba. Da sito na cike, nauyinsa ya sa ginin rawa a hankali, inji ya fi shi sauri, ba su haɗu ba. Da ka fara sayarwa nauyi ya ragu, saurin ginin ya yi ta hawa har ya tarar da na inji. Kowace mota da ta fita da buhunanka, ɗakin Yaya ƙara rawa yake.

Na ga wasu daga cikin baƙin sun gyara zama. Na sauka farfajiya na samo wani siririn rodi dogo cikin ragowar kayan gini, na dawo da shi falo, na riƙe gindinsa na kaɗa a hankali, duk jikinsa ya tafi gefe ɗaya. Na ƙara sauri, sai cikinsa ya yi nan, kansa ya yi can, wani wuri kusa da sama ya tsaya kamar an riƙe shi da yatsa. Wani tsoho daga cikin baƙin ya ce, "Ikon Allah, ga falon nan." Aka yi dariya, ban da mai gida.

Fuskarsa ta canza, wasa ya ƙare. Ya ce shi ba za a zo har gidansa a mai da shi abin kallo ba, gininsa ya kashe masa abin da ya kashe, ƙwararru sun gani sun yaba. Ya ce an gode, a kawo mana abinci mu kama hanya kafin hadari. Nan da nan aka shigo da tire, dambun shinkafa da zogale, da soyayyun zabi, da fura mai sanyi. Ƙamshin ya bugi direbanmu har ya fara wanke hannu.

Ni kuwa na tashi na je na zauna a kan matakalar hawa na uku. Na ce, "Alhaji, wallahi ba zan ci abincin gidan nan ba, kuma ba zan tashi daga nan ba, sai ka hau sama inji na aiki. Ba kwamfuta na ce ka yarda da ita ba, ba ni na ce ka yarda da ni ba. Ƙafarka za ka kai."

 Na san abin da na yi. Mace ta ƙi cin abincin mutum a gaban abokan cinikinsa, ta kuma ba shi umarni a cikin gidansa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san har Kawu sai ya ji. Amma ko kusa ban ji zan janye ba. Dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Direba ya tsaya da jiƙaƙƙen hannu a sama, bai san ko ya ci ko ya fasa ba.

Alhaji ya ce, "Ke yanzu ni za ki titsiye?"

Na ce, "Yayata aka titsiye, Alhaji. Ni matakala kawai na zauna."

Ya miƙe. Sannan ya tattare babbar rigarsa, ya ce in kauce masa, zai hau don a rufe maganar nan yau, kowa ya huta. Na kauce, na bi bayansa.

A bakin ƙofa ya fara rage sauri. Ya shiga tsakiyar ɗaki ya tsaya, babu takalmi a ƙafarsa. Na ga ya dubi ƙasa, ya dubi kabad, ya kai hannu ya dafa bango, ya janye da sauri kamar ya taɓa tukunya, ya sake dafawa.  Na je kusurwa na yaye dogon labulen da ya rufe ginshiƙi, domin tun hawana na farko na ga garin siminti a ƙasan wurin. A wuyan ginshiƙin, inda ya haɗu da abin da ke kansa, akwai tsaga siririya ta zagaye shi, kuma muna tsaye muna kallo gari na zubowa daga cikinta kaɗan-kaɗan. A ƙarƙashin wurin ne gadon ƙaramar 'yarsu yake kafin Yaya ta sauko da su.

Bai yi salati da ƙarfi ba, a hankali ya yi. Sannan ya nufi taga ya leƙa, ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce a kashe inji. Bugun ya yi ta raguwa har ya mutu. Kwanuka suka yi shiru, ruwan bokiti ya kwanta.

Ya tambaye ni ko ginin zai faɗi. Na gaya masa gaskiya, ban ce gobe ba, ban ce baɗi ba, amma ginshiƙan hawan nan sun fi na ƙasa siranta, kuma siminti ba ya son a yi ta lanƙwasa shi dare da rana, tsagar da ta fara ba ta komawa. Ɗan kasuwa ne, nan take ya fara neman sauƙi. Ya ce to a sake cika sito. Na ce ranar da ka sayar fa? Ya ce to a riƙa rage gudun inji. Na ce salon rawa uku ne, kuma kowanne saurinsa na tafiya da yawan buhunanka, in ka kauce wa ɗaya yau, wata rana za ka faɗa wa wani. Inji ya fita daga gidan nan, a yi masa nasa tushe daban a can gefe, a raba shi da ginin. A kawo wanda zai fasa filasta ya duba ginshiƙan sama a ƙarfafa su. Kafin nan ko kaza kada ta kwana a sama.

Da za mu sauko ya tsaya a matakala ya rage murya, ya ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Na ce sunanka da na garinku zan rufe, wannan haƙƙinka ne. Amma maganar ba zan rufe ta ba, domin ba gidanka kaɗai ke da inji a ƙasa da mata a sama ba.

Bai koma wurin baƙi ba, bayan gida ya zagaya, ni ina biye. Yaya na nan inda na bar ta, ta gama tsintar shinkafa. Ta ji an kashe inji da rana tsaka, ta san wani abu ya faru. Ya tsaya daga ɗan nesa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajiya, ashe abin da gaske ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni na sani, Alhaji. Ba ni za ka gaya wa ba. Inda ka kai ƙarata, can za ka kai wannan."

Sai a lokacin na ci abinci, a bakin ɗakin laka, kwano ɗaya da Yaya. Dambun ya huce amma na cinye. Direba kuwa, na ji labari, tun ana kashe inji ya ɗauka an sasanta, ya afka wa zabi.

Hadari ya tare mu kafin Malumfashi, ruwa kamar da bakin ƙwarya, magogin gilashin motar guda ɗaya ke aiki, shi ma na ɓangaren dattijo, don haka shi ya riƙa gaya wa direba inda rami yake. Muka saya wa yara rake a hanya, muka yi la'asar a Bakori, muka shiga Funtuwa ana kiran magariba, a jiƙe, a gajiye, akwati na nan lafiya a cinyar mai shi.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan, ɗalibaina za su ji shi har su gaji. Gini mai hawa da yawa ba ya ba da labarinsa a wuri ɗaya, kuma wurin da aka shimfiɗa maka darduma ba lallai ne shi ne wurin awo ba. In al'ada ta hana ka hawa, ba a ce ka keta ta ba, amma ka nemo wadda za ta hau, ko ka faɗa a fili cewa ba ka hau ba. Kada ka sha shayi a falo ka ce gida lafiya. Masu ce min me mace ke nema a aikin siminti da rodi kuwa, daga yau ku daina tambayata, ba ni da sauran amsar da zan ba ku.

Bayan 'yan kwanaki Yaya ta kira ni. An fara haƙa wa inji tushe a bayan katanga. Alhaji ya shirya ya tafi wurin Kawu da kansa, ya faɗi abin da ya gani a gaban waɗanda suka ji ƙarar farko, kuma ba wanda ya sake zancen komawa gida. Na ce to Yaya, yanzu sai ki huta, tsoro ya wuce. 

Sai ta ce, "Ke, ni benen bai taɓa ba ni tsoro kamar yadda kuke zato ba. Ranar da na ji tsoro ita ce ranar da na zauna a ɗakin nan yana rawa, na ɗauko maganinsu da hannuna na sha, na ce wa kaina ƙila su ne da gaskiya."